Ku Tambaya Mu Amsa: Abubuwan da masu fatsa ke gani a bakin ruwa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka taɓo maganar fatsa a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma abin dariya yawancinsu ba ma a kan kifi suke ba, a kan abin da mutum ya gani ne yana zaune yana jiran kifin. Dama haka abin yake, mai fatsa shi ne mutumin da zai zauna wuri ɗaya tun hantsi har azahar ba surutu ba motsi, to duk wani mai rai da ke wurin sai ya manta da shi ya fito ya ci gaba da harkar gabansa. Na zaɓo guda shida, na ɗan rage wa wasu tsawo, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Slm Malam ya aiki ya iyali. Ni ma'aikaci ne a Gombe, ranar Asabar mukan je Dadin Kowa jefa fatsa ni da abokaina don mu huta da hayaniyar gari. To satin da ya wuce wajen la'asar sakaliya muna zaune sai ga dorina ta ɗago kai ba nisa sosai da mu, ta wangale baki tana ta hamma, ta yi wani irin huci ta nutse. Abokina ya ce ai barci take ji, wai mu samu mai kwalekwale ya matsa da mu kusa ya ɗau bidiyo ya sa a TikTok. Ni dai gabana ya faɗi na ce ba da ni ba. Yanzu kullum sai sun tsokane ni wai matsoraci. Dan Allah waye mai gaskiya a cikinmu? Daga mai karatu a Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kai ne mai gaskiya, su yi ta tsokana, ai da rai ake jin tsokanar. Wannan hamma da kuka gani ba ta barci ba ce ko kaɗan, haurenta take nuna muku, gargaɗi ne, tana cewa kun yi kusa. Hauren nan na ƙasa a babban namiji yakan kai kusan rabin mita, kuma kullum yana gogar na sama shi ya sa ba ya dakushewa. Namiji matsakaici yana kai kilo 1,500, wasu sun zarce haka nesa ba kusa ba. Sannan abin da abokinka bai sani ba, dorina ba iyo take yi a saman ruwa ba, a ƙasan ruwa take takawa tana tunkuɗa ƙafa, kuma takan yi minti biyar ba ta ɗago ba, ka ga kenan inda ta nutse daban inda za ta ɓullo daban, tana iya ɓullowa a ƙarƙashin kwalekwalen da kuke ciki shi kuma mai bidiyo yana can yana haska inda ta nutse.

Ba tsoratarwa nake ba. A watan Nuwamba na 2014 a Libore kusa da Yamai dorina ta kifar da jirgin ruwa, mutum 13 suka rasu, 12 daga ciki yara ne 'yan makaranta, Allah ya jiƙansu. A Yauri ma a 2024 sai da wata ta kashe mutum ta hana manoman shinkafa da masunta sakat, aka yi ta farautarta har aka kashe ta aka raba naman a gari. A Ayoru kuwa, can yammacin Nijar wajen iyakar Mali, a 2017 mutanen ƙauyuka sun kashe aƙalla dorina 27 cikin 'yan watanni saboda ɓarnar gona da dabbobi, a shekarar ne ma gwamnati ta ware musu wani yanki na kogin a matsayin mafaka. Wato rigimar nan ta kowa ce, daga Gongola har Kwara, ku na dam ɗin Dadin Kowa da na Kiri ba ku kaɗai ba ne.

Tushen rigimar kuma ciyawa ce. Dorina a ruwa take wuni amma ba a ruwa take cin abinci ba, in dare ya yi sai ta hau tudu ta yi kiwo, takan ci ciyawa wajen kilo 40 kafin asuba ta koma. Da can gaɓar ruwa fili ne na ciyawa, yanzu noman rani ya kai har bakin ruwa, shinkafa ce masara ce kayan lambu ne, to ta fito ta tarar an shuka mata abin da ya fi ciyawa daɗi a kan hanyarta. Ni ba na cikin masu zama a ofis suna cewa manomi ya yi haƙuri kawai, mutumin da ya ci bashi ya sayi taki da man injin ban ruwa dare ɗaya aka share masa gona ba haƙuri yake nema ba diyya yake nema, kuma in ba a ba shi ba shi zai nemo mafarauta. Amma wannan maganar gwamnati ce, mu dawo kanku.

Kafin ku shimfiɗa tabarma ku dubi ƙasa. Dorina tana da hanya, ba ta canzawa, za ka ga wuri ya lotsa daga ruwa ya hau tudu da sawu mai yatsu huɗu, gefe da gefe kuma kashi a warwatse a jikin ciyayi don da jela take watsa shi. In kun ga haka ku tattara ku matsa can gaba, musamman da magariba lokacin fitarta da kuma asuba lokacin komawarta. Mafi munin wuri a duniya shi ne tsakanin dorina da ruwa, don in ta firgita ruwa take nufa kuma ba ta kauce wa kowa, a tudu tana iya gudun kilomita 30 a awa a ɗan gajeren zango, kai da kake ɗauke da bokiti da sandar fatsa ba za ka tsere mata ba. Mai ɗa kuwa ko daga nesa kar ku tsaya kallo. In dole sai kun shiga kwalekwale ku shiga na masuntan wurin, su sun san gurbin kowane garke, za ka ga suna ɗan bubbuga gefen jirgi da filafili don ta san inda suke kar su yi mata ba-zata. Na san abin da ke jan masu fatsa kusa da su, kashin dorina taki ne a ruwa, kifi na taruwa a wurin. Ku bar wa masu wurin wannan kifin. Shi kuma abokinka ya sayi waya mai zuƙo hoto.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Ni ɗaliba ce, na zo hutu garinmu a ƙasar Yauri. Ƙanena yana zuwa fatsa da sassafe, rannan ya dawo a guje ko takalmi babu wai ya ga ciyawar burgu tana nutsewa cikin ruwa ita kaɗai ana jan ta ta ƙasa, can sai wani hanci ya leƙo ya ja numfashi fuuu ya koma, ba kai ba kunne ba komai. Kakarmu ta ce ayu ne kuma wai asalinsa mace ce 'yar Fulani da surukinta ya tarar tana wanka ta rufe jiki da faifai ta faɗa ruwa. Wasu kuma sun ce aljanar ruwa ce kar ya sake komawa. Wlh yaron har yau bai koma ba. Menene gaskiyar abin?

AMSA: Ƙanwata ki gaida Kaka da kyau, ta faɗi sunan daidai, ayu ne, kuma ki ce wa ƙanenki ya ga abin da masu bincike ke kwana a jirgi sati da sati ba su gani ba. Labarin 'yar Fulani tatsuniya ce da aka daɗe ana bayarwa a bakin Kwara, kuma in kin ga dabbar za ki gane inda aka samo ta, jelarta faffaɗa ce zagayayya, macen tana da nono biyu a ƙarƙashin hammata inda take shayar da ɗanta, a hannuwanta kuma akwai 'yan farata. Duk wanda ya hango wannan da duku-duku cikin hazo dole ya kawo labari gida.

Ayu ba kifi ba ne, dabba ce mai shayarwa da ke shaƙar iska irin tamu, shi ya sa yake leƙo da hanci bayan 'yan mintuna, ƙofofin hancin suna da murfi da ke rufewa in ya nutse. A dabbobin tudu giwa ce danginsa na kusa. Babba yakan wuce mita 3, nauyi ɗaruruwan kilo, amma duk girman nan ba shi da haure ba shi da ƙaho, turame kawai gare shi na tauna ciyawa. Burgu da kainuwa da sauran ciyayin ruwa su ne abincinsa, in ya samu shinkafar da ruwa ya shanye ma yana taɓawa, kuma masunta na ƙorafin yakan tsotse kifin da ya maƙale a kalli ya bar musu ƙaya. Iyakar laifinsa kenan. Ba ya bin mutum, ba ya kifar da jirgi da gangan, da ya ji motsi ma sai ya sulale. Don haka yaro ya koma fatsarsa, abin da ya kamata ya ji tsoro a ruwan Yauri yana cikin amsar da ke sama.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Kar ku yayata wurin. Kar a sa a Facebook a ce ga gurbin da aka gan shi. Ayu yana da farashi a kansa, naman ana so, man kuma kin san yadda ake tallarsa a kasuwa da intanet, man ayu man ayu, wai na mallaka wai na ƙarfin maza wai na farin jini. Ni dai ra'ayina a fili yake, kitse ne kawai, ba ya gyara auren da hali ya ɓata, kuma in da duk kwalaben da ake sayarwa da sunan man ayu na gaske ne da tuni ba sauran ayu ko ɗaya daga Kwara har Binuwai. Amma ko kaɗan ɗin da ke na gaske ya isa ya ƙarar da su, saboda macen sai ta yi wajen shekara da ciki ta haifi ɗa ɗaya tak, ta yi ta shayarwa, sai bayan shekaru ta sake. Kashe uwa ɗaya ba ƙaramin giɓi ba ne. Ga madatsun ruwa sun raba su, tun da aka gama Kainji a 1968 na sama suna sama na ƙasa suna ƙasa, ga raguna masu yawa da suke maƙalewa a ciki su kasa ɗagowa shan iska su mutu. Dokar Najeriya ta dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi tun 1985, ta hana kashe shi, kuma tun 2013 yarjejeniyar CITES ta sa shi a sahun farko na dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. Sarkawa na da sun san wannan ba tare da wata takarda ba, ba kowane yaro ke ɗaukar zago ya ce zai je farautar ayu ba, akwai masu abin, akwai lokaci, akwai izinin Sarkin Ruwa.

In kina so ganin ya yi amfani, ki rubuta rana da lokaci da yanayin ruwa, cike yake ko ya fara ja, ki kai wa ma'aikatan gandun dajin Kainji ko cibiyar binciken kifi da ke New Bussa. In kuma rani ya yi kuka ga ya maƙale a tafkin da ruwansa ya yanke daga kogi, su za ku kira da wuri kafin labari ya kai kunnen mahauta.

TAMBAYA: Malam ina yini. Daga Nguru nake rubutowa. Kawuna ya je duba kalli da safe ya tarar wani shaho ya maƙale a ciki, farin ciki gare shi da baƙin layi ta gefen ido, farata kuwa ba a magana. Abin mamaki akwai zoben ƙarfe a ƙafarsa da lambobi da rubutun boko, na karanta na ga Helsinki da Finland. Mutane suka taru wasu na cewa na leƙen asiri ne Turawa suka turo, wasu na cewa asiri ne aka yi wa wani aka ɗaura wa tsuntsu. Kawu ya sake shi amma na kwafi lambar a takarda. Yanzu me zan yi da ita, kuma ba wata matsala dai ko?

AMSA: Ba matsala ƙanena, kai da Kawu kun yi abin da ya dace daga farko har ƙarshe, Allah ya yi muku albarka. Wannan shahon ɗan cin rani ne. A Finland aka ƙyanƙyashe shi, yana ɗan tsako a sheƙa wani ya hau bishiya ya sa masa zoben nan ya rubuta lambar a littafi, da sanyi ya taso ruwansu ya fara daskarewa ba halin kama kifi sai ya kamo hanya, ya ƙetare teku ya ƙetare Sahara ya sauka a fadamarku, tafiyar sama da kilomita 5,000. Masunci ne irin Kawu, kifi kawai yake ci, shi ya sa ya faɗa kalli, ya hango kifin da ya maƙale ne ya kawo sura. In ka sake ganin irinsa ka tsaya ka kalla, yakan tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike sannan ya sulmiyo ƙafa a gaba ya faɗa ruwa gaba ɗaya, in ya tashi da kifi sai ya juya kan kifin ya fuskanci gaba don iska kar ta dame shi. Ƙananansu ma in sun zo ba sa komawa a shekarar farko, sai sun yi shekara ɗaya ko biyu a nan.

Sa zobe tsohuwar sana'a ce, wani malamin makaranta a Denmark mai suna Mortensen ya fara ta a 1899, kuma amfaninta ɗaya ne, a san inda tsuntsu ke zuwa da shekarun da yake yi a duniya. A zamanin da Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu ba, har akwai masu cewa cikin taɓo suke shiga su yi barci. Sai a 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyansa, da shi ya yi duk tafiyar, har yau gawarsa na ajiye a jami'ar Rostock. Wato wani maharbi a nahiyarmu da ya yi kuskuren sa'a shi ya koya musu darasin.

Maganar leƙen asiri kuwa ba ku kuka fara ba. A 2013 a Masar wani masunci ya kama irin wannan dangin shamuwa da na'ura a bayansa ya kai wa 'yan sanda, aka tsare tsuntsu a caji ofis har sai da aka gane na'urar masu bincike ce aka sake shi, bai jima ba wasu suka kama shi suka cinye. A 2018 kuma wata ƙungiya a Poland ta sa wa nata tsuntsun na'ura mai layin waya a ciki, ya ɓace a Sudan, wani bawan Allah ya tsinci na'urar ya cire sim ya sa a wayarsa ya yi kiran awa 20, aka aika wa ƙungiyar bil na wajen dala 2,700. Ka ga mu ma ba baya ba ne wajen leƙen asirin.

Lambar da ka kwafa ka shiga shafin EURING, ƙungiyar masu sa wa tsuntsaye zobe ta Turai, a intanet, akwai fom na kai rahoton zobe, ka sa lambar yadda take harafi da harafi, da duk rubutun da ke jiki, da rana, da sunan wurin, ka ce an sake shi da rai. Sukan turo amsa su gaya maka inda aka sa zoben da shekarar. In intanet ya ba ka wahala akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos, akwai kuma ma'aikatan mafakar tsuntsaye ta Dagona nan kusa da ku. Ku mutanen Nguru da Haɗeja da Baturiya kuna zaune a kan abin da duniya ta sani ku kuna ganinsa banza, tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci tun 2000, mijin Sarauniyar Ingila ma ya zo Dagona kallon tsuntsaye a 1989. Sai dai tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ga jan baki ya samu wurin kwana yana cinye wa mutane shinkafa, ka tambayi Kawu yaushe rabonsa da ganin garken gauraka zai gaya maka. Abu ɗaya zan ƙara, in kuka tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa wuri ɗaya kar ku taɓa kar ku kai gida, murar tsuntsaye gaskiya ce, nau'inta mai tsanani na H5N1 a jihar Kaduna ya fara ɓulla a Afirka a 2006, ku sanar da likitan dabbobi.

TAMBAYA: Malam wani abu na cinye min kifi a raga da dare, da safe sai in tarar da kan tarwaɗa kawai da ƴar huda a ragar. Maƙwabcina nake zargi gsky. Daga Ibi, jihar Taraba.

AMSA: Haba ɗan'uwa, maƙwabcin da zai shiga ruwa da tsakar dare ya cinye ɗanyar tarwaɗa ya bar maka kai ai ba zargi ya kamace shi ba, ruƙiyya ya kamata a yi masa. Ka nemi gafararsa ko a zuci. Wannan aikin ya fi kama da na karen ruwa, shi ne ke cin tsoka ya bar kan da ya yi masa tauri. Gobe da sassafe kafin shanu su tattake wurin ka bi gaɓa ka duba laka, akwai irin da sawunsa na gaba kamar yatsun ƙaramin yaro ba alamar farce, kuma a kan dutse ko kututture za ka ga kashinsa cike da ɓawon kifi da ɓawon ƙaguwa. In tsari ne za ka ga layin jela a tsakiya da sawun farata dama da hagu, kuma shi haɗiye ƙaramin kifi yake ɗungurungum. Kififiya gutsura take tana barin rabi. Kada kuwa ba ƴar huda zai bar maka ba, ragar ce za ka nema ka rasa. Magani shi ne ka rage daɗewar raga a ruwa, ka duba da tsakar dare ko ka riƙa canza wuri, kar ka sa guba don ruwan da za ka zuba wa ita shi yaranka ke sha.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ɗana ɗan shekara sha bakwai ya koyi fatsar dare da abokansa a nan wajen Argungu. Ya ce min in sun haska tocila a ruwa suna ganin jajayen idanu biyu-biyu suna kallonsu, kada ne, amma wai kadojin Argungu ba sa taɓa ɗan gari. Hankalina ya ƙi kwanciya. In hana shi ne ko in bar shi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Idanun kada ne, haka suke mayar da hasken tocila jawur, kuma masunta kan gane girmansa daga tazarar da ke tsakanin idon da idon. Maganar yaron tana da ƙamshin gaskiya ta wani ɓangare. A 2011 masu bincike suka tabbatar ta gwajin ƙwayoyin halitta cewa yawancin kadojinmu na Afirka ta Yamma jinsi ne daban da na kogin Nilu da ke cin mutane a gabashin Afirka, namu sun fi ƙanƙanta kuma ba su kai su faɗa ba, shi ya sa a Paga ta Ghana har zama ake a gefensu a ɗau hoto. A Argungu kuma kowa ya san Sarkin Ruwa ke fara shiga kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi kafin a saki dubban masu homa da gora, bikin da ake yi tun 1934.

Amma Hajiya bikin da rana ake yi, da ganguna da dubban mutane, ba yara huɗu da tocila ɗaya da ƙarfe biyun dare ba. Kada ba ya duba takardar ɗan ƙasa, kuma macen da ke gadin ƙwai ko ƙananan 'ya'ya ba ta san ɗan gari ba. Ni ba zan ce ki hana shi ba, yaron da aka hana a fili a ɓoye zai je, gara ki sa masa sharaɗi ta bakin babansa ko kawunsa. Ya tsaya a tudu taku uku huɗu daga ruwa, kar ya tsuguna a baki yana wanke hannu, kar ya shiga ciro ƙugiyar da ta maƙale, ya yanke zaren kawai ƙugiya nawa take. Kar su riƙa feɗe kifi suna zubar da hanji wuri ɗaya kullum, kada yana lura da abin da ake maimaitawa, kifi na ganinka mai jar koma. Kuma ki saya masa takalmi mai rufe ƙafa, don a gaskiya maciji a hanyar dawowa ya fi kadan ba ni tsoro, gobe-da-nisa da kasa da dare suke fitowa. In tsautsayi ya faɗa ba tsaga ba tsotsa ba ɗaure ƙafa tamau, asibiti kai tsaye inda ake da allurar dafin maciji.

TAMBAYA: Malam muna dawowa daga Yamai a mota, mun wuce Kure kaɗan sai ga raƙuman dawa guda biyar suna ƙetare titi hankali kwance. Yarana sun ce daga gidan zu suka gudo. Haka ne? Daga Dogon Dutsi.

AMSA: A'a Alhaji, a gidansu kuka same su, ku ne baƙi. Waɗannan su ne ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma, da can daga Senegal har tafkin Chadi ana ganinsu, farauta da fari da sare daji suka ƙarar da su har a 1996 aka ƙirga 49 kacal, duk a wannan yanki na Kure da Dallol Bosso. Da aka hana taɓa su aka kuma riƙa tallafa wa ƙauyukan da ke zaune da su sai suka farfaɗo, yanzu sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 a mota aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi don kar a tara su wuri ɗaya. Ganyen gawo da ƙaya suke ci, amma ka tambayi mai gonar wake ko mangwaro a yankin ka ji nasa bayanin. In kun sake haɗuwa direba ya rage gudu ya bar su su wuce, mota na kaɗe su a wannan titin, yara su kalla ta taga. Kar ku sauka ku bi su cikin daji, ku tuna da harin da aka kai a Kure a watan Agusta na 2020.